Garken Cikin Waya da Jar Saniyar Baffa

Sana'ata dillancin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi ta Maigatari. Ita na sani, ita nake yi har furfura ta cim mini. Karatuna na allo ne, boko kuwa leƙawa na yi na fito, don haka mai neman magana mai ado ya nemi wani. Mutane na ɗauka aikin dillali surutu ne da karɓar la'ada. Ba shi ke nan ba. Duk dabbar da na kama igiyarta a kara, na tsaya mata ke nan. Na shaida wa mai saye cewa ta mai ita ce, ba ta sata ba ce, ba ta rigima ba ce. In magana ta taso bayan tirela ta tashi, ba mai dabba za a nema ba, ni za a nema.

Maganar da zan yi a nan ta wata jar saniya ce da ta zauna a garken yayana, alhali ba tasa ba ce.

Rugarmu tana ƙasar Sule Tankarkar. Muna noma kaɗan, muna kiwo, a gida Fulatanci, a kasuwa Hausa. Ni na bar sanda na shiga kasuwa tun da ƙuruciya, Yaya ya zauna da shanu. Wata shekara ciwon huhu ya shigo garkensa ya yi masa ɓarna, har dangwalin ɗaure maruƙa ya zama igiya kawai a ƙasa. To akwai wani tsoho, aminin mahaifinmu, a ƙetaren iyaka cikin ƙasar Damagaram. Baffa muke ce masa. Da labari ya kai masa, bai aiko da jaje a waya ba. Da ƙafarsa ya zo, yana janye da karsana ja mai dogon ƙaho, ya ɗaura ta a turken Yaya ya ce habbanaye ce.

Wanda ba makiyayi ba sai an yi masa bayani. Habbanaye aron saniya ne. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haifa maka sau biyu ko uku gwargwadon yadda aka yi magana, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita. In ajalinta ya zo a hannunka, babu biya. Amma ba a ɗaga mata sanda, a wurin shayarwa ita ce gaba, kuma ba a sayar da ita ko yunwa za ta kashe ka. Mutum ya fi tattalinta a kan tasa.

Kuma ba saniyar kaɗai ba ce tsakaninmu da Baffa. Wajenmu gonaki sun cinye komai. Burtalin da muka tashi muna kora shanu a ciki, yanzu jaki biyu ba sa gittawa ba su gogi juna ba. Da zarar gero ya tsiro dole garke ya tashi, in ba haka ba rigima ce da manoma. Kowace damina 'ya'yan Yaya kan kora shanu arewa, su sauka a makiyayar Baffa, su sha a rijiyarsa har a cire amfanin gona. Babu takarda, babu haya. Zumunci ne kawai, kuma jar saniyar nan ita ce shaidar cewa zumuncin yana nan da rai.

Abin ya faro ne a wajen wani suna a rugarmu. Matar Yaya tana da ƙane, magidanci ne, yana aikin gyaran ƙarfen sabis tsakanin Gumel da Gagarawa. Shi ke hawa can ƙololuwa da ɗamara a ƙugu. Injiniya muke ce masa. Akwai wasa tsakaninsa da mu, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Bayan an ci an sha muna zaune a inuwa, sai ya zaro wata matacciyar waya da ɗan sukudireba ya buɗe cikinta a kan tabarma.

Ya ce, "Dillali, matso ka ga saniyar da ba ta cin dusa."

Na ce, "Wadda ba ta ci ai ba ta kashi. In ba ta kashi, gonarka ta mutu."

Aka yi dariya. Ya nuna wasu 'yan ƙananan abubuwa baƙaƙe da bakin sukudireba, wani bai fi ƙwayar gero ba.

Ya ce, "Duk wayar da ke duniya, ta mai kuɗi da ta talaka, ba ta magana sai da waɗannan. Kun ga wannan, kamar rariya yake. Iskar nan cike take da maganganun mutane, shi ke tace naka ya bar na wasu. Wannan kuma shi ke ƙara wa muryarka ƙarfi har ta kai ƙarfen sabis. Can saman ƙarfen da nake hawa ma 'yan'uwansu ne, sai dai manya. Kamfanonin da ke ƙera su ba su da yawa, duk a ƙasashen waje suke, kuma suna sayar da hannun jari. Ni nakan ɗan gutsuri albashina in saya ta waya. Naira na zubewa, wancan kuwa da dala yake."

Ni ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Yaya ne na ga ya ajiye ƙwaryar furarsa.

Ya ce, "Ɓarawo na iya kore su?"

"A'a, Yaya."

"Suna shiga gonar mutum?"

"Ina! Ba su da ƙafa."

"Da giya ko kuɗin ruwa a ciki?"

"Ƙira ce kawai, kamar maƙeri. Na tambayi malamai kafin in fara."

"Huhu na kama su?"

Injiniya ya yi dariya ya ce, "Suna da nasu ciwon, Yaya."

Yaya bai tambayi wane ciwo ba. Ni ma ban tambaya ba. Na dai ce wannan cinikin biri a sama ne, aka sake dariya, aka tashi sallar la'asar.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Injiniya ba macuci ba ne, abin kuma ba damfara ba ce. Kamfanin da ya nuna wa Yaya yana nan, kayan ana ƙera su, har a wayar da ke aljihuna ƙila akwai nasu. Na so a ce damfara ce, da na san wuyan wanda zan shaƙe. Injiniya ma ya gaya wa Yaya a gabana cewa kar ya sa abin da zai yi kuka in ya ɓata. Sai dai Yaya mutum ne da ya ga garkensa ya kwanta ɗaya bayan ɗaya yana tsaye da wuƙa a hannu, ya ga an kore shanun maƙwabci a dare ɗaya, ya ga burtali na ƙanƙancewa kowace shekara. An nuna masa dukiyar da ba ta buƙatar ciyawa. Me kake so ya ji?

Bayan kaka Yaya ya kawo mini bijimi na sayar masa a kara. Ya sayi babbar waya mai shafawa, suka je banki a Gumel da Injiniya, aka buɗe masa asusun sayen hannun jarin. Yaya ba ya karatun boko ko kaɗan, amma ya san launi. Kore, an samu. Ja, an rasa. Sabis ba ya isa cikin rugarmu sosai, sai an hau wani tudun yashi da ke bayan bukkoki. Kasuwar tasu kuma sai wajen la'asar take ci, don lokacin ne gari ke waye musu a can. Daidai lokacin da makiyayi ke tsayawa ya ga dawowar shanunsa ke nan. Sai ka ga Yaya ya saɓa sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta kamar mai zuwa duba garke, ya hau tudu, ya juya wa shanu baya, ya sunkuyar da kai.

Da fari kore ne. In na zo gida sai ya ce, "Garken cikin waya ya ƙoshi yau." Har yakan tambayi Injiniya, "Yaushe za su haihu?" Ya ƙara sayar da bijimi ɗaya ya zuba, ya ƙara wani. Ban hana ba, shanunsa ne, kuma ni ƙane ne.

Da rani ya yi nisa sai abin ya juya. Wata la'asar ya hau tudu ya tarar da ja, jan da bai taɓa gani ba. Ya kira Injiniya. Injiniya ya ce wai wani babban kamfanin waya, wanda shi ke sayen mafi yawan kayan nasu, ya ce zai rage saye, zai nemi wani maƙerin. Shi ke nan. Wasu mutane a garin da ba mu iya faɗin sunansa ba sun zauna a ɗaki sun yi shawara, bijiman Yaya sun rame a Sule Tankarkar. Ashe ciwon nasu ke nan: maƙeri mai ciniki da mutum ɗaya, ran da mutumin ya juya baya wuta ta mutu.

A cikin wannan maganar ne Injiniya ya faɗi abin da ya jawo komai. Ina wurin, wayar a buɗe take kowa na ji. Ya ce masu harkar in farashi ya faɗi wasu kan ƙara saye, don in ya tashi su farfaɗo da wuri. Faɗa ya yi kawai, kamar mai ba da labarin kasuwa. Yaya ya gyaɗa kai a hankali.

Ya ce, "Dusa ke nan."

Kowane makiyayi ya san wannan. In bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, ba ka sayar da ramammun shanu, don kyauta za ka bayar. Ɗaya kake fitarwa mai ɗan jiki, ka sayar, ka sayi dusa da harawa ka riƙe sauran har ruwa ya sauka. Ba wanda ke kiran wannan asara. Da shi mahaifinmu ya fitar da garke daga shekarun da suka kashe na wasu. Ilimi ne na gaskiya, kuma Yaya ya fi kowa iya shi. Sai ya ɗauke shi cak ya ɗora a kan waya.

Daga nan kusan kowace Alhamis, ranar kasuwarmu, sai na gan shi a kara da dabba. In sayar, ya hau mota zuwa Gumel, ya zuba, ya dawo. Ya riga ya koyi inda ake dannawa, ba ya neman kowa.

Na ce masa, "Yaya, saniya in ka ba ta dusa kana ganin haƙarƙarinta na rufewa. Wannan ka zuba yau, gobe ka tarar da ja. Abin da ya kwanta yana shure-shure ai wuƙa ake sa masa kafin ya zama mushe. Cire abin da ya rage."

Ya ce, "Ramammiya daban, mara lafiya daban. Kai ka daɗe da barin daji."

Injiniya da kansa ya taso daga Gagarawa a babur, ko hular kwano bai cire ba ya durƙusa gabansa. Wannan karon babu wasa a bakinsa.

Ya ce, "Yaya, don Allah ka tsaya haka. Ba ciyarwa ba ce. Ba su san kana yi ba. Ka zuba ko kar ka zuba, ba abin da zai motsa a can."

Yaya ya ce, "Saniya ma ba ta san wanda ya sayi dusa ba, amma tana ci."

"Wannan ba ya ci, Yaya."

"Ka taɓa raka garke ya fita bazara? To wanda ya saki a tsakiya shi ke asara biyu, ta shanu da ta dusa."

Wanda ya kalli garken Bafulatani daga nesa zai ce na mutum ɗaya ne. Ba haka ba ne. Kowace saniya da mai ita: wannan ta sadakin uwargida, wannan an ba yaro ranar sunansa, waccan ta gadon wata inna. Na Yaya na kansa ba su da yawa tun bayan huhu, kuma suka ƙare, har da 'ya'yan da jar ta haifa masa. Ran da ya doshi na matarsa, ta fito ta tsaya a gaban dangwali da ƙwaryar tatsa a hannu ta ce nata da na 'ya'yanta ba inda za su, sai dai ya fara sayar da ita. Ta kira ƙanenta ta wanke shi tas. Tun daga ranar Injiniya bai ƙara taka rugar ba.

Saura jar. Ta haihu sau biyu, tana ɗauke da ciki na uku, wanda daga shi sai ta koma gida. Na lura Yaya ya daina shafa mata wuya in zai wuce. Ya daina kiranta da sunanta. Sai ya tsaya daga nesa yana kallonta, irin kallon da na sani sarai, don shi nake yi wa dabba kullum: kallon cinya da gadon baya. Zafi ya kai inda ya kai, hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa ba ɗigo. Na so in yi magana. Amma ta yaya za ka ce wa yayanka kar ya yi abin da bai ce zai yi ba? Faɗin ma zagi ne.

Wata Alhamis da hantsi ina tsakiyar ciniki sai na hango dogon ƙahonta a bakin kara. Shi da kansa ya jawo ta, bai sa yaransa ba. Na bar cinikin na tare shi tun kafin ya shigo tsakiya.

Na ce, "Yaya, ina za ka da ita?"

Ya ce, "Inda ake kai shanu."

"Ba taka ba ce."

"A hannuna take."

"Ni ma dabbobin mutane na yini a hannuna."

"Kafin kaka zan saya masa wadda ta fi ta. Saura ƙiris ruwa ya sauka, ina ji a jikina. In na saki yanzu duk abin da na zuba ya tafi."

Na ce, "To kira shi ka gaya masa. Ga waya nan a aljihunka, ba don magana aka ƙera ta ba?"

Ya miƙo mini igiya. Tunda nake ban taɓa barin hannun Yaya a miƙe ba, ko wuta ya miƙo mini karɓa nake. Ranar na mayar da hannuwana baya na haɗa su.

Ya ce, "Kai ƙanena ne ko dillali?"

Na ce, "A nan dillali ne. In an tambaye ni ta wa ce, me zan ce?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ja ta ya wuce. Kara ba ta rasa dillalin da ba ya tambaya. Ya samu wani baƙo da bai daɗe da fara zuwa ba, ya miƙa masa.

Abin da Yaya ya sani kuma ya ƙi tunawa shi ne, rabin karar Maigatari mutanen ƙetare ne. Kowane gida na makiyaya da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabba, da shaidar wuta a cinya, kuma suna karanta su kamar yadda malami ke karanta allo. Akwai wasu dattawan Damagaram zaune a rumfa suna shan shayi. Da aka wuce da ita sai hirarsu ta tsaya. Ɗaya ya miƙe, ya zagaya ta, ya kama kunnen ya duba, ya shafa cinyar. Sannan ya juya ga Yaya ya gaishe shi, gaisuwa doguwa, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ina shanu. Yaya na amsawa yana kallon ƙasa. Dattijon ya koma ya zauna ya ɗauki kofinsa.

Ba makiyayi ko ɗaya da ya taya. Saniya mai ciki, mai kyan gini, a ce masu kiwo su yi ta rububi, amma kowa ya kau da kai kamar ba ya ganinta. Wani mai kai wa mahauta kudu ne ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, Yaya ya sallama.

Na ga lodinta. Ban so gani ba, amma a nan nake aiki. Ta ƙi hawa. 'Yan lodi suka murɗe mata wutsiya, suka sa mata kulki, dabbar da ko tsinke ba a taɓa ɗaga mata ba. Suka ɗaure ƙahonta a jikin ƙarfen tirela, kanta a karkace. Yaya bai tsaya ba, ya riga ya nufi tashar Gumel.

Na zaci Baffa zai kira a ranar, ko ya aiko. Bai kira ba. Mako ya zagayo, shiru. Dattawan rumfa suna amsa gaisuwata kamar kullum, har suna miƙo mini shayi, ba wanda ya ɗaga zancen. Da zagi aka yi da ya fi mini sauƙi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Kowace shekara in ciyawa ta fito a arewa Baffa kan kira ya ce, "A taso da yara." Gero ya tsiro, ya yi ganye, ba kira.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar Yaya ta fito. Damina na kankama waya ta koma kore. Ba don ruwa ba, ba don dusarsa ba, wai wani kamfanin ne daban ya yi odar kaya. Farashin bai mayar da duka ba, amma ya tashi sosai. Yaya ya sauko daga tudu yana murmushin da na daɗe ban gani ba.

Ya ce, "Ka gani? Ba na ce maka rama ce ba?"

Na ce na gani.

Ya cire wasu kuɗi daga ciki ya ce in zaɓo masa karsana. Na zaɓo wadda ta fi kowace kyau a kara, ja, doguwa, ta fi waccan ƙuruciya da ƙira. Muka ja ta da ƙafa ta hanyar daji inda makiyaya ke ƙetarawa. Jandarman da ke wajen ya san mu, hannu kawai ya ɗaga. Yaya na ta hira a hanya. Ni ina kallon ƙasa: ko'ina shar, tafkuna cike, ciyawa ta wuce idon sawu.

Baffa ya karɓe mu kamar yadda ya saba, har ya fi. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo kindirmo, aka yanka ɗan akuya. Ya tambayi kowa na gida ɗaya bayan ɗaya. Karsana na ɗaure a gindin bishiya a gabansa, bai kalle ta ba. Muka kwana. Da safe bayan an gama tatsa ya ce mu je mu ga baƙuwa. Da Fulatanci aka yi maganar, ni ne nake mayar da ita Hausa.

Ya zagaya ta, ya buɗe bakinta, ya shafa ta.

Ya ce, "Kyakkyawa ce, ɗana. 'Yar wace ce?"

Yaya ya ce, "A kasuwa na saye ta, Baffa."

"Na sani. Uwarta nake tambaya."

Yaya ya dubi karsanar.

Baffa ya ce, "Waccan na san uwarta, na san kakarta. Asalinsu saniyar da aka bai wa mahaifiyata ce ran da aka kawo ta gidan nan. Ina da shanu da yawa da zan iya kai maka. Ita na zaɓa saboda mahaifinka."

Yaya ya fara bayani. Ya zaro waya don ya nuna masa koren, ya nuna cewa bai ci amana don ci ba, dabara ce kuma ta yi. Ya shafa, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas. Babu sabis a wurin. Wani ɗan abu ne kawai ke ta juyawa a tsakiyar gilashin.

Baffa ya ce, "Mayar aljihu, kar rana ta taɓa maka ita." Sannan ya ce, "Da ka zo ka ce kana cikin matsi, da na nuna maka wancan bijimin na ce ka kai kasuwa. An ce da ciki aka loda ta."

"E, Baffa."

"To."

Iyakar faɗan ke nan. Bai ɗaga murya ba. Muka koma tabarma, aka kawo fura. Na ga Yaya na juya ludayi ba ya sha. Ya san abin da ya rage bai tambaya ba, kuma dole ya tambaya, don shanun matarsa da na 'ya'yansa suna can tsakiyar gonakin mutane.

Ya ce, "Baffa, yara na jiran izini su taso."

Baffa ya ɗaga kai ya dubi makiyayarsa. Ni ma na duba. Kore har inda ido ya tsaya, shanunsa sun bazu a ciki ba su ci ko gefe ba.

Ya ce, "Ciyawar bana ba ta da yawa, ɗana. Rijiyar ma ta ja baya. Allah ya ba ku wuri mai albarka."

Ya tashi da kansa ya kwance karsanar, ya sa igiyar a hannun Yaya, ya naɗe masa yatsu a kanta. Ya yi mana rakiya mai nisa, ta fi ta kullum nisa, har bayan rijiyar, wadda na leƙa na ga ruwa kusa da baki. A nan ya tsaya ya yi mana addu'a, ya juya.

Babu wani mashekari, wurin kai shanu da damina, da za mu nema. Duk wanda ke da ciyawa a wancan gefen ya ji labari tun ranar Alhamis ɗin, kuma ba mai saukar da mutumin da Baffa ya sallama.

Mun iso ruga da yamma. Shanun na tsaitsaye a ɗan filin da ya rage, 'ya'yan Yaya sun kewaye su da sanduna, duk sun miƙa wuya wajen gonar da ke maƙwabtaka da mu. Gero ya kai gwiwa. Mai gonar yana zaune a kan iyakarsa, dattijo ne da muka tashi tare, ya ɗora adda a kan cinya, 'ya'yansa maza na tsaye a bayansa. Ya gaishe mu da kyau, ya yi mana barka da hanya. Ya dubi karsanar, ya dubi garken.

Ya ce, "Malam, bana kun yi nauyin ƙafa. Yaushe za ku tashi?"

Yaya ya tsaya da igiya a hannu.